Yadda Alƙalamin Malamai Ya Bi Sawun Zamani

Kullum in an ce wa 'yan makaranta su karanta tarihi, abin da su ke tsammani shi ne jerin sunayen sarakuna, da shekarun da kowanensu ya yi bisa gado, da wuraren da aka gwabza yaƙi. Wannan kuwa ƙashin tarihi ne kurum. Wanda ya ke so ya san abin da ke cikin zukatan mutanen wani zamani, da abin da su ke tsoro, da abin da su ke buri, da sunan da su ke kiran kansu da shi, lalle sai ya nemi waƙoƙinsu da littattafan malamansu. To, yau muna so mu ɗauki misali ɗaya na gida, watau rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da mutanen gidansa, da na waɗanda suka ja da su, don ku ga yadda alƙalami ya riƙa sake murya duk sa'ad da zamani ya juya.

Tun kafin a haifi Shehu da shekara fiye da 250, wani malami mutumin Tilimsan, ana ce da shi Shaihu Magili, ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa ɗan littafi a kan abin da ya wajaba bisa sarakuna. Shi ne kuma ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Songai. Ku lura da mazaunin malami a wannan zamani: yana zaune gefen sarki, yana ba shi shawara. Da haka aka saba ƙarni bayan ƙarni, malami ya faɗa, sarki ya ɗauki abin da ya ga dama.

Shehu ma da haka ya fara. An haife shi a Marata cikin ƙasar Gobir a 1754, ya girma a Degel, ya soma wa'azi yana da shekara kamar 20. In kun duba littafinsa Ihya'us Sunna, wanda ya gama a 1793, ba za ku ji ƙarar takobi a ciki ba. Maganar tsarki ce, da salla, da aure, da ciniki, da jana'iza, kowane babi ya nuna abin da ya ke sunna da abin da mutane suka ƙago. A cikin Nurul Albabi kuwa ya juya kan malamai 'yan'uwansa, ya zarge su da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, alhali suna tara almajirai a zaure don a yabe su. Ko sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ran Sallar Layya ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi dukiyar, ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Mai roƙon sarki irin wannan roƙo bai riga ya fid da rai ga sarki ba.

Da harshe uku su ke aiki. Larabci na malamai ne, da shi a ke kafa hujja. Fillanci na dangi ne da makiyaya, da shi Shehu ya yi yawancin waƙoƙinsa. Hausa kuwa ta kasuwa ce da gona da cikin birni. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Bayan rasuwar Bawa al'amari ya ɓaci. Sarki Nafata ya sa aka yi shela, kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, kada wanda bai gāji Musulunci ba ya shige shi, kada maza su naɗa rawani, kada mata su yi lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya hau, aka kai wa mutanen Malam Abdussalami hari a Gimbana, daga nan ba a sake shiri ba. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya tashi daga Degel zuwa Gudu. Nan take alƙalami ya sake murya. Wasiƙatu Ahlis Sudan gajeruwa ce, ba ado, hukunci bisa hukunci, an yi ta don a kwafe da sauri a aika gari gari. Bayanu Wujubil Hijira, wanda ya gama a 1806 ana tsakiyar yaƙi, ya shimfiɗa maganar naɗa shugaba, da waziri, da alƙali, da yadda a ke raba ganima. Tushen hujjarsa kuwa shi ne, hukuncin ƙasa yana bin hukuncin sarkinta. Da wannan magana ɗaya malami ya tashi daga gefen sarki, ya koma mai yi wa sarki shari'a.

Ku dubi kalmar da suka zaɓa. Mutumin Alƙalawa da ya ga tashinsu zai ce gudu suka yi, ko tawaye. Su kuwa suka ce hijira. Da suka ci nasara a Tafkin Kwatto cikin watan Yuni na wannan shekara, suka kwatanta ranar da ta Badar. Watau sun ɗauki tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, suka mai da shi madubi, suna duba kansu a ciki. Sunan da suka kira kansu da shi kuma shi ne Jama'a. Ko da ya ke Filani ne suka fi yawa cikin shugabanni, Abdussalami Ba'are ne, Yakubu wanda ya kafa Bauci ba Bafillace ba ne, akwai Buzaye a cikinsu, akwai kuma Filani a rundunar Yunfa. A bisa takarda dai, abin da ya raba mutum da mutum shi ne caffa, ba asali ba.

Akwai wani littafi da ya kamata kowane ɗan makaranta ya san labarinsa, Kitabul Farƙi, wanda ya bambanta mulkin Musulunci da mulkin sarakunan da aka tarar. Larabci ne, amma sai kana cikin karatu ka yi tuntuɓe da kalmar Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, kamuwa, tawasa. Mai littafin bai sami sunan waɗannan abubuwa cikin littattafan fiƙihu ba, don haka ya rubuta su yadda talaka ya ke kiransu. Kukan mai shanu da na mahauci ke nan ya shiga littafin malamai da bakinsu. Amma fa kada mu ɓoye muku, jangali bai mutu da mutuwar Yunfa ba. Ya rayu ƙarƙashin sarakunan da suka gāji tuta, har Turawa suka zo suka same shi, suka ci gaba da karɓa.

Wannan ya kawo mu ga Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, wanda a ganinmu babu alƙalamin da ya kai nasa gaskiya a wannan zamani. Shi ne ya ja runduna a Tafkin Kwatto, shi ya yi wa nasarar waƙa. Amma bayan Tsuntsuwa da Alwasa, inda malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta, sai ya waiga ya ga abokan karatunsa sun ƙare, waɗanda suka cike gurbinsu kuwa wasu irin mutane ne dabam. A cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813, ya tattara waƙoƙinsa na Larabci, ya bayyana dalilin kowace. A nan ya faɗi abin da ya gani: mutane masu neman sarauta da ƙasa, da dawakai na ƙawa, da manyan riguna, da ƙwaraƙwarai, sun bar masallaci da makaranta. Abin ya dame shi har ya bar rundunar tun Alƙalawa ba ta faɗi ba, ya nufi gabas da niyyar Makka, ba ya nufin komowa.

Da ya isa Kano, mutanen gari suka tsai da shi, suka ce su ma ba su san yadda za su tafiyad da mulkin da ya faɗo hannunsu ba. Ya duba ya ga ciwon da ya gudo dominsa ya riga shi zuwa. Sai ya zauna ya karantad da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da alƙalai suka daɗe suna aiki da shi, sa'an nan ya juya ya koma wurin wansa. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Da a ce jerin yaƙe-yaƙe kaɗai muka gāda, da sai mu ce shekarun nan nasara ce bisa nasara, gama a 1808 Alƙalawa ta faɗi, a 1809 aka gina Sakkwato. Waƙar Abdullahi ce ta gaya mana cewa ɗaya daga cikin manyan da suka ci yaƙin yana ganin an yi hasarar abin da aka fita nema.

Shehu kansa, da nauyin jama'a ya hau kansa, ya sassauta waɗansu abubuwa. A cikin Najmul Ikhwani na 1812 ya ja hankalin almajiransa ga cewa saɓanin malamai rahama ne, kada a tsananta a kan abin da ba a haɗu a kan haramcinsa ba, kamar sunayen sarauta, da kaɗa tambari, da tufafin masu mulki. Abdullahi bai yarda da duka ba, ya rubuta nasa ra'ayi cikin ladabi. Wa da ƙane ke nan suna gardama da alƙalami, ɗaya yana duban abin da zai yiwu, ɗaya yana duban abin da aka yi alkawari. Amma Shehu bai yi shiru a kan zalunci ba. Waƙarsa ta Fillanci da aka sani da Tabbat Haƙiƙa gargaɗi ce ga mai mulki mai cin talakawa da alƙali mai karɓar toshi, ba kuwa sarakunan Gobir ya ke nufi ba, gama a lokacin sun riga sun faɗi.

Gardama mafi girma daga waje ta zo. A 1808 masu tuta suka ci Ngazargamu, babban birnin Barno, ƙasar da sarakunanta suka musulunta tun ƙarni na 11. Wani malami, Muhammadul Amin Alkanemi, wanda Hausawa su ke kira Shehu Laminu, ya taimaki Mai ya kore su, kana ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa Sakkwato yana tambayar dalilin da ya sa a ke yaƙar masu salla da azumi. Bai musa cewa akwai cin hanci da cin dukiyar marayu da waɗansu al'adu marasa kyau a Barno ba. Abin da ya ce shi ne, waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fid da mutum daga addini, in kuwa yana fitarwa, to, har Masar da Sham ba su tsira ba. Muhammadu Bello ɗan Shehu ya amsa masa, ya ce asalin faɗan shi ne Mai ya goyi bayan sarakunan Hausa a kan Jama'a, wanda ya taimaki abokan gāban Musulmi kuwa hukuncinsu ɗaya.

A sama, tambaya ce ta tauhidi: mene ne iyakar imani? A ƙasa kuwa tambaya ce ta iyakar ƙasa. Barno ta daɗe tana ganin ita ce uwa a wannan yanki, sarakunan Hausa suna aika mata gaisuwa, ga shi yanzu wani sabon Sarkin Musulmi ya fito daga yamma. Ba mu ne za mu raba wannan shari'a ba, malamai har yau suna juya ta. Abin da za mu yaba shi ne, Bello ya kwafe wasiƙun abokin gardamarsa ya sa su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, bai ɓoye ƙarfinsu ba. Ta hannun Bello ne hujjar Alkanemi ta iso ga yawancin masu karatu. Ba kowane mai nasara ke yin haka ba.

Yanzu mu komo kan maganar harsuna. Shehu ya rasu a 1817. Aka wayi gari daula ta yi faɗi, gidaje sun cika da mata da bayi waɗanda yaƙi ya kawo, ba su jin Larabci, ba su jin Fillanci, da yawansu kuma da bori suka saba. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ita ta ga inda gizo ke saƙa. Ta mai da Tabbat Haƙiƙa Hausa a 1831, ta yi waɗansu waƙoƙi nata na koyad da addini, ta naɗa mata dattijai da a ke kira jaji, kowace ta ba ta malfa, su riƙa jagorar matan ƙauye zuwa wurinta, su koma da waƙa a ka. Su ne 'Yan Taru. A Waƙar Gewaye ta bi sawun mahaifinta zango zango, tun daga Degel. Ta haka labarin Jama'a ya fita daga littafin malamai ya shiga bakin mai daka da mai kaɗi, ya zama labarin kowa. Ga kuma abin mamaki: harshen waɗanda aka ci da yaƙi shi ya ci fada. Ba a yi ƙarni guda ba sai ga jikokin masu tuta a Kano da Katsina da Zariya, Hausa ce harshensu na gida.

Amma alƙali ba ya yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Gobirawa da suka koma Tsibiri, da Katsinawan Maraɗi, da Zagezagin da suka kafa Abuja ta dā wadda a ke kira Suleja yau, da Kabawan Argungu, duk suna da nasu labari, mafi yawansa a bakin makaɗa da maroƙa ya zauna, cikin kirari da take. A can, wanda littafin Sakkwato ya kira ɗan tawaye shi ne gwarzo. Mutanen duwatsu da na kurmi kuwa, waɗanda hare-haren neman bayi suka dama, kakannin da yawa daga cikinku, ba su bar littafi ko ɗaya na wannan zamani ba. In kun karanta littafin da ya kira su da suna marar daɗi, ku tambayi tsofaffin garinku abin da su suka riƙe.

Ko cikin daular ma ba kowa ya yarda tarihi daga 1804 ya fara ba. Littafin Tarihin Kano, wanda masana su ke ganin an haɗa shi wajen ƙarshen ƙarni na 19, a fadar sarakunan Filani aka rubuta shi, amma ya fara da Barbushe da dutsen Dala da Bagauda, ya bi sarakunan Haɓe ɗaya ɗaya har Alwali, sa'an nan ya ɗora Sulaimanu da Ibrahim Dabo a kan jerin, kamar ba abin da ya yanke. Alƙalamin Sakkwato ya ja layi tsakanin dā da yanzu, na Kano ya ɗinke. Bakano yana caffa ga Sarkin Musulmi, amma bai bar zama Bakano ba.

Shekara 99 bayan Gudu, tambayar hijira ta sake tasowa. Turawa suka ci Kano a Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki tuta ya nufi gabas, talakawa suka bar gonaki suka bi shi dubbai. Akwai waƙar Hausa a kan zuwan Annasara da a ke jingina masa, wadda ta ke kiran jama'a su tashi su bar ƙasar. Ya faɗi a Burmi ran 27 ga Yuli, ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran mutane, suka zauna a bakin Kogin Nilu cikin Sudan, garin har yau yana amsa sunansa. Waziri Buhari kuwa ya komo Sakkwato, ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana dalilinsa: in malamai duka suka tafi, wa za a bar wa raunana? Ya dogara bisa izinin da malamai suka bayar na lallaɓa mai ƙarfi da baki, muddin bai hana salla da azumi ba. Mai karanta wasiƙar zai ji mutumin da zuciyarsa ba ta kwanta ba. Da wanda ya tafi da wanda ya zauna, a makaranta ɗaya suka yi karatu. Can kuma a ƙasar da a ke kira Gana yau, Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga da Karaci, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa yana lissafa garuruwan da Nasara suka ci, daga wannan sarki zuwa wancan. Fatauci ya kai shi nesa, daga nesa kuwa ya hango ƙasashen duka cikin masifa ɗaya.

Da zamanin jam'iyyu ya zo, littattafan nan ba su huta ba. Malam Sa'adu Zungur na Bauci, cikin waƙarsa Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, ya tuna wa sarakuna gadon Shehu don ya gargaɗe su su gyara tun ba a gyara musu ba, sunan da ya kira ƙasar da shi kuwa sabo ne, watau Arewa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya fito daga zuriyar Muhammadu Bello, ya sa aka buga waɗansu littattafan kakanninsa a Masar, yana nuna mulkin Jihar Arewa ci gaban nasu ne. Malam Aminu Kano kuwa, ɗan gidan alƙalai, wanda ya shugabanci jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, daga waɗannan littattafai ya riƙa ɗebo hujja yana karanta wa talakawa a dandali, a kan haraji da jangali da aikin tilas.